Yadda ake haɗa tarkon abinci a kama ƙudan da ke sa wa mangwaro da gwaba tsutsa

Duk mai lambun mangwaro ko gwaba ko lemo ya san wannan takaicin, ka tsinko mangwaro ya nuna shar babu abin da ya same shi a waje sai wani ɗan ɗigo kamar inda aka soka allura, ka yanka ka tarar ciki ya zama ruwa tsutsa sai motsi take. Mutanenmu da yawa cewa suke ruwan sama ne ke kawo tsutsar, wai da zarar ruwan farko ya sauka shikenan mangwaro ya tashi aiki. Ba ruwan ba ne wallahi, ƙuda ne, kawai dai lokacin saukar ruwan ne ƙudan yake yawaita shi ya sa ake ɗora wa ruwa laifi.

Kafin a zo maganar roba da yis sai ka san wanda kake farauta tukuna, don in ba ka san shi ba za ka cika tarko da ƙudan gida kana murna. Wanda ya fi ɓarna yanzu sunansa a wajen masana Bactrocera dorsalis, asalinsa daga Asiya yake, an fara ganinsa a Afirka a ƙasar Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru kaɗan ya bazu har ya iso nan Afirka ta Yamma. Girmansa kusan na ƙudan gida ne amma ya fi shi siriri, fiffikensa garau yake da ɗan baƙin layi a gefe, yana da zanen ruwan ɗorawa a bayansa, a kan cikinsa kuma akwai baƙin zane mai siffar harafin T. Akwai kuma namu na gida wanda dama can yana nan, Ceratitis cosyra, shi ƙarami ne, launinsa ya fi karkata ga ruwan ɗorawa, da ɗigo-ɗigon baƙi a baya da zane a fiffike. Na gidan shi ke fara damun mangwaro tun da rani, baƙon kuma sai iska ta fara laima ruwa ya sauka sai ya karɓe lambun gaba ɗaya, shi ya sa irin da ke nuna a makare kamar Kent da Keitt suka fi shan wahala, masu nuna da wuri sukan tsallake da ɗan sauƙi.

Macen ce ke ɓarnar, wannan ka riƙe shi da kyau. Tana da wani tsini a ƙarshen cikinta, da shi take huda fatar ɗan itacen ta zuba ƙwai a ƙarƙashi, cikin kwana ɗaya zuwa uku ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta yi sati ɗaya zuwa biyu tana cin naman, mangwaron ya ruɓe ya faɗo, tsutsar ta fito ta shige ƙasa ta kwanta a can kamar kwana goma ko sama da haka kaɗan, sai ta fito a matsayin sabon ƙuda. Mace ɗaya tana iya zuba ƙwai ɗaruruwa a rayuwarta. To amma ga inda Allah ya ba mu dama, sabuwar macen da ta fito daga ƙasa ba ta iya zuba ƙwai nan take, sai ta yi kusan sati ko fiye tana neman abinci mai furotin kafin ƙwan cikinta ya ƙosa, a daji kashin tsuntsaye take lasa da ruɓaɓɓun abubuwa da duk abin da ke warin tsami. A cikin wannan satin na yunwa ake kama ta, tun ba ta huda ko mangwaro ɗaya ba. Duk hikimar tarkon abinci ke nan.

Na san wasu za su ce ai suna da tarko, sun sayi wancan ɗan katako ko audugar da ake jiƙa wa metil yujinol, wani sinadari mai ƙamshi da ke jawo ƙudan, kuma kullum robar cike take. Gaskiya ne tana cika, kuma yana da amfani ban ce a daina ba, amma duk abin da ke cikin robar nan maza ne zalla, kuma na Bactrocera kawai, metil yujinol ba ya jan mace ko ɗaya kuma ba ya jan ƙaramin na gida. Mutum zai ga gawar ƙuda dubu hankalinsa ya kwanta alhali matan da aka riga aka barbara suna can saman bishiya suna aikinsu. Shi ya sa ni a ganina in kuɗinka abu ɗaya zai iya, fara da na abinci, in da hali ka haɗa biyun.

Mataki na farko, robar. Nemi robar ruwa ko ta lemo mai lita ɗaya da rabi, fara mai garau, da murfinta. Wanke ta. Ɗora ƙusa a wuta ta yi zafi sai ka huda rami huɗu a kewaye, ɗaya kowane gefe, a wajen kafaɗar robar wato ka bar kamar kashi biyu cikin uku a ƙasa. Faɗin ramin kada ya wuce kaurin biro ko fensir, nan mutane ke kuskure su yanka taga babba da wuƙa, sai ƙudan zuma da manyan ƙudaje masu kore su cika ciki, ruwan kuma ya ƙafe da wuri, wanda ya shiga ma ya samu hanyar fita. Huda murfin a tsakiya ka zura waya ka lanƙwasa ta daga ciki don ratayewa, ka toshe gefen ramin murfin da ɗan kyandir ko leda kada ruwan sama ya bi wayar ya shiga. In kana da fenti ruwan ɗorawa ko sil mai wannan kalar ka zagaya shi a wajen ramukan, ƙudan nan suna son kalar sosai don ita ce kalar nunannen ɗan itace. Kada ka fente saman robar, bar shi garau, ƙudan in ya shiga haske yake bi ya yi sama yana neman fita sai ya gaji ya faɗa ruwan.

Mataki na biyu shi ne haɗin kansa, kuma nan zan ɗan daɗe. Wanda kowa zai iya a gida: ruwa lita ɗaya mai ɗan ɗumi ba mai zafi ba, yis na burodi irin wanda masu fanke ke saye cokali biyu babba, suga ko mazarƙwaila cokali uku. Juya sosai, zuba a jarka ka ɗora murfin sama-sama kada ka ɗaure tam don zai yi iska ya kumbura, ajiye a inuwa kwana ɗaya zuwa biyu har ya fara tsami yana wari. Warin nan shi ake nema, in ka ji ya dame ka to ya yi. Ranar da za ka zuba a tarko sai ka ɗiga sabulun wanke-wanke na ruwa ɗigo biyu ko uku, ko ɗan garin omo a bakin yatsa, amfaninsa shi ne ƙudan da ya taɓa ruwan ya nutse maimakon ya tsaya a sama ya sha ya tashi. Kada sabulun ya yi yawa kuma ka guji mai ƙamshin turare don zai danne warin.

Abin da nake so ka gane, yis ɗin shi ne furotin, shi ne ainihin abincin, sugan taimako kawai yake don haɗin ya tashi. Wasu sai su ga kamar in an ƙara zaƙi za a fi kamu, su zuba suga rabin gwangwani ko ma zuma, abin da za su samu shi ne ƙudan zuma da tururuwa da zanzaro, kuma kashe ƙudan zuma asara ce a kanka kai mai lambu tunda su ke taimaka wa fure ya zama 'ya'ya. Zuma kam kada ma ka kusanto da ita. In kana so ka ƙara ƙarfin haɗin matse ruwan nunanniyar gwaba ko mangwaro ko ayaba rabin kofi ka zuba, amma ka tabbata wanda ka matse babu tsutsa a ciki. Wasu suna jiƙa ɗan kashin kaji su tace su ƙara kaɗan saboda warin amoniya da ke ciki yana jan macen, yana yi, sai dai yana jawo ƙudan gida da yawa, ni na fi son yis kawai don in na zo dubawa in iya gane abin da na kama.

In kana kusa da gari inda ake sayar da kayan noma ka tambayi ƙwayar yis ɗin torula, ita aka yi musamman don wannan aikin, ana jefa 'yan ƙwayoyi a ruwa su narke, an riga an haɗa ta da boraks wanda ke hana haɗin da gawar ƙudan saurin ruɓewa, shi ya sa ta fi na gida daɗewa kuma ta fi shi kamu. Adadin da za a jefa yana rubuce a jikin leda, bi shi. In ba ka samu a kasuwa ba tambayi malamin gona na yankinku, cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano da kuma Dadin Kowa ta Gombe, 'yan'uwa na Nijar kuma suna da cibiyar binciken noma ta INRAN, su ne suka san abin da ake samu a kusa da ku.

Roƙo ɗaya zan yi a nan, don Allah kada a zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari mai ƙarfi a cikin robar. Babu buƙata sam, ruwan da sabulun sun isa su kashe ƙudan. Roba ce ta lemo rataye a bishiyar mangwaro da ruwa mai kala a ciki, kuma kowa ya san su waye ke hawa bishiyar mangwaro in mai lambu ya juya baya, yara ne.

Mataki na uku, zubawa da ratayewa. Kowace roba kofi ɗaya ya ishe ta, kamar kwata na lita, kada ruwan ya kai ramukan, kuma in ya zuba a jikin robar ta waje ka goge, in ba haka ba ƙudan zai tsaya a waje ya lashe ya ƙoshi ya tafi ka ciyar da shi kyauta. Rataye ta a cikin inuwar bishiyar, tsayin kanka ko sama kaɗan wato mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ba a jikin gindin ba kuma ba can bakin ganye inda rana ke duka ba, tsakiya-tsakiya. Rana in ta daki robar haɗin zai dahu ya ƙafe cikin kwana biyu musamman a zafin Maris da Afrilu. Cire ganyen da ya rufe ramukan, kuma kada robar ta jingina da reshe. Shafa ɗan giris ko man jelly a wayar don kada tururuwa su gangaro su kwashe ƙudan da ka kama kafin ka gani.

Tarko nawa? Ya danganta da abin da kake so. In so kake kawai ka san ko ƙudan ya iso, guda huɗu ko biyar a kadada ɗaya sun isa, ka sa yawancinsu a gefen lambu don daga waje yake shigowa. In kuma so kake tarkon da kansa ya rage su to sai ka yawaita, don warin abinci ba ya tafiya nesa, 'yan mitoci ne kawai, ba kamar metil yujinol ba da ke jawo namiji daga nesa sosai. Mai bishiya goma ko ashirin ya sa ɗaya a kowace bishiya, babbar bishiya biyu, robar banza ce ake tsinta yis kuma ba tsada. Ka fi ba da ƙarfi a layin da ke kallon lambun maƙwabci ko bakin rafi, da duk inda akwai gwaba ko yazawa ko lemo ko bishiyar kaɗanya a kusa, don nan ƙudan ke zama idan mangwaro ya ƙare.

Lokacin farawa shi ne inda aka fi yin asara. Yawancin mutane sai sun ga mangwaro na zuba da tsutsa suke tashi neman magani, a lokacin kuwa zuriya ta biyu tana cikin ƙasa tana jiran fitowa. Bari fure ya gama zuba tukuna saboda ƙudan zuma, da zarar 'ya'yan sun ƙulla sun fara girma ka rataye tarkon dubawa, sannan aƙalla wata ɗaya da rabi zuwa biyu kafin lokacin tsinka ya zamana duk tarkunan sun hau, ka ci gaba har sai an sauke ɗan ƙarshe. Akwai wani dalili kuma, idan lambu ya cika da ƙamshin nunannen mangwaro tarkonka gasa yake da bishiyar kanta, macen da ƙwanta ya ƙosa ba abinci take nema ba wurin zuba ƙwai take nema, ba za ta kula robarka ba.

Mataki na huɗu, dubawa da canji, sati-sati babu fashi, zaɓi rana ɗaya ka tsayar misali kowace Asabar da safe. In zafi ya yi yawa duba bayan kwana biyar don ruwan kan ƙafe. Tafi da bokiti da rariya ko tsohon gidan sauro, juye robar a kan rariyar ruwan ya sauka a bokiti, ka baza abin da ya rage ka duba. Ware 'yan ƙudan 'ya'yan itace daga ƙudan gida, ka ƙirga, ka duba masu tsini a baya su ne matan. Rubuta a littafi, bishiya kaza an kama kaza. Lissafin da malaman gona ke yi mai sauƙi ne, jimlar ƙudan ka raba da yawan tarko ka sake rabawa da yawan kwanakin, misali ƙuda 70 a tarko 5 cikin kwana 7 ya zama ƙuda biyu kenan a kowane tarko kowace rana. Ba lambar kanta ce abin kallo ba, tafiyarta ce, in wannan satin ya ninka na baya to ka san sun taso sai ka ƙara tarko a gefen da suka fi yawa ko ka shiga feshin da zan yi bayani. Tsohon ruwan kada ka watsar a gindin bishiya, ka kira su ne zuwa inda babu tarko, haƙa rami can gefe ka zuba ka rufe. Ɗauraye robar ka zuba sabo.

Ga mai babban lambu kadada biyu uku zuwa sama, wanke roba ɗari kowane sati ba ƙaramin aiki ba ne, nan feshin abinci ya fi sauƙi. Dabarar ɗaya ce, furotin ne aka gauraya da ɗan guba kaɗan, ƙudan ya zo ya lasa ya mutu. Wanda aka fi sani shi ne GF-120, a ƙasashen da ke amfani da Faransanci ana sayar da shi da sunan Success Appat, gubar da ke ciki sifinosad ce kuma kaɗan ce ƙwarai. Yadda aka saba a lambunan mangwaro na yankinmu, lita ɗaya ana sirka ta da ruwa kamar lita biyar ta ishi kadada guda, amma karanta takardar jikin robar da ka saya ita ce gaba. Ba wanke bishiya ake da shi ba irin yadda aka saba da sauran magani, wuri ɗaya ake zaɓa a kowace bishiya kamar faɗin mita ɗaya, inda ganye ya yi duhu kuma babu 'ya'ya, a fesa ta ƙarƙashin ganyen inda rana da ruwa ba sa isa da sauri. Saita bakin famfon ya riƙa fitar da manyan ɗigo ba hazo ba, manyan ɗigon ne ke daɗewa da laima har ƙudan ya samu abin lasa. Kada ya taɓa 'ya'yan don yana iya barin tabo, kuma kowane sati ka canza gefen da ka fesa. Da sassafe ake yi, a maimaita bayan kwana bakwai zuwa goma, in an yi ruwa mai ƙarfi ya wanke a sake. Abin da ka sirka ka ƙarar da shi a ranar, famfon kuma ka wanke shi tas kafin ka fara, in akwai ragowar maganin ciyawa ko na ƙwari a ciki warinsa zai kori ƙudan kuma yana iya ƙona ganye. Ko kana feshin ka bar 'yan robobi huɗu biyar a rataye, su za su gaya maka ko aikin yana ci.

Yanzu maganar da ba a son ji, duk wannan aikin ba zai yi tasiri ba in mangwaron da ya faɗo yana kwance a ƙasa. Kowane ruɓaɓɓe ɗaya zai iya fitar da ƙudaje masu yawa, kana kama goma a sama ƙasa na haifo maka wasu. A riƙa tsincewa aƙalla sau biyu a sati, kullum ma ya fi in ana tsakiyar zuba, har da waɗanda ke saman bishiya da ka ga an huda. Zuba su a baƙar leda mai kauri wadda ba ta huje ba, ɗaure bakin tam, ajiye a tsakiyar rana kwana uku zuwa biyar zafin zai kashe tsutsar, daga nan ka juye a ramin taki. Ko ka ba dabbobi su cinye a ranar, ko ka binne a rami mai zurfin da ya wuce rabin mita, binnewa sama-sama taimakon tsutsar ka yi don dama ƙasa take nema. Tara su tsibi a bayan shinge kuwa shi ne mafi muni.

In ka ga jajayen tururuwan nan masu ɗinke ganye su yi gida a saman mangwaro, masu cizo in an hau, kada ka ƙone su. Bincike a ƙasar Benin ya nuna bishiyar da suke kai ƙudan ba ya sakewa ya zuba ƙwai a cikinta. Wayar tarkon kawai za ka shafa wa giris ka bar musu sauran bishiyar. Haka nan mangwaron da ya ƙosa bai kai ga nuna ba in ka sauke shi da wuri ya ƙarasa nuna a ɗaki ka rage kwanakin da zai yi a gaban ƙudan.

Sai maƙwabta. Ƙudan nan yana tashi daga lambu zuwa lambu bai san iyaka ba, in kai kaɗai ke yi a fadamar za ka ga sauƙi amma kullum sababbi na shigo maka daga gefe. Ka samu masu lambun da ke kewaye da kai ku zauna, ko a ƙungiya ko bayan sallar Juma'a, ku sa rana ɗaya ta rataye tarko da rana ɗaya ta tsince na ƙasa, ku haɗa kuɗi ku sayi yis babban ƙunshi ko GF-120 jarka ɗaya ku raba, wanda bai iya haɗin ba ka haɗa masa na satin farko ka nuna masa yadda ake gane mace da namiji a kan rariya. Masu kankana da kokwamba da kabewa a kusa su ma ku jawo su, nasu ƙudan daban ne kuma metil yujinol ba ya kama shi, amma wannan haɗin na yis yana jan macensa, sai dai su a kan sanda za su rataye robar dab da saman ganyen yaɗon, da kuma jikin masara ko dawa ko ciyawar da ke gefen gonar inda ƙudan ke hutawa.